Tarihin aikin Lexus IS300 mai turbo a Agege

14 ga Janairu, 2024

Motar da za a yi aikin a kanta Lexus IS300 ce ƙirar 2003, tokunbo daga Amurka, mai giya atomatik, kuma yanzu tana ajiye a bayan wani gareji da ke kusa da Zangon Agege. Abin da na sa a gaba shi ne mota mai ƙarfin doki ɗari biyar a taya, wadda za ta sha man da ake sayarwa a gidan mai, ta shiga gosulon Oshodi da tsakar rana da esi a kunne, ta fita allurar zafi ba ta motsa ba. Ɗari biyar ɗin ba ya ba ni tsoro, domin wannan injin ya saba bayar da fiye da haka a wasu ƙasashe. Sauran sharuɗɗan ne za su ci kuɗi da lokaci.

Dalilin zaɓen motar yana ƙarƙashin bonet. Injinta 2JZ-GE ne na Toyota, silinda shida a jere, lita uku, faɗin silinda da tafiyar fistin duk milimita 86, kuma gangar jikinsa zubin baƙin ƙarfe ce wadda ta yi suna wajen jure matsi. Ɗan'uwan 2JZ-GTE ne da ke cikin Supra da Aristo, sai dai wancan ya fito daga masana'anta da turbo biyu, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana tura ƙarin iska cikin injin, wannan kuwa ba shi da ko ɗaya, ƙarfin doki 215 kawai yake bayarwa. Wani zai ce a nemo Aristo mana a huta. Aristo ta kasuwar Japan ce, sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Injin GTE shi kaɗai kuma da dala ake cinikinsa, ba kuma wanda ya san wahalar da ya sha kafin ya hau jirgi. IS300 da GS300 kuwa sun yawaita a Legas, kayansu suna nan a kasuwar kayan mota ta Ladipo, duk bakaniken da ya taɓa buɗe Toyota ba zai yi baƙunta a cikinsu ba.

3 ga Fabrairu

An sauke injin an wargaza shi. Cikinsa ya fi yadda na zata tsabta: karanshaf ba shi da zane, silindojin ba su ci sosai ba, tof, wato murfin da ke rufe saman silindojin, bai lanƙwashe ba da aka ɗora masa ma'auni.

A kan tebur ne bambancinsa da GTE ya fito fili. Ma'aunin matsinsa 10.5 bisa 1 ne, na GTE 8.5 bisa 1. Gasket ɗin tof siriri ne. Ba shi da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Mafi muhimmanci, kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) na GE mai VVT-i, tsarin sauya lokacin buɗe bawul, ya fi na GTE sirantaka. Maigidan garejin, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran manyan motoci kafin ya koma ƙanana, ya ɗauki guda ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ce, “Alhaji, wannan ba a yi shi don abin da kake nema ba. Idan ka matsa masa zai fito ta gefe ya gaishe ka.” Na ce, “Baba, ai shi ya sa muka buɗe.”

Akwai hanya mai sauƙi da mutane da yawa ke bi, wato a sa gasket mai kauri na GTE don matsin ya ɗan sauka, a bar fistin da kwanrod na asali, a tsaya a matsin iska kaɗan. Hanyar tana aiki ga wanda ƙasarsa ke da mai mai ƙarfi kuma bai nemi da yawa ba. Mu ba mu cikin ko ɗaya, don haka za a sauya fistin da kwanrod duka da na ƙirar maƙera, a sauko da matsi zuwa 8.5 bisa 1.

2 ga Maris

Dala ta haura naira dubu ɗaya da ɗari biyar, jerin kayan da na rubuta bara ya zama tarihi. Na raba shi gida biyu. Abin da zai zauna a cikin injin ko zai yi hukunci a kan mai da wuta, wato fistin, kwanrod, kusoshin tof na ARP, nozul, famfon mai, birenbos (kwamfutar injin) da turbo, sabo za a yi oda, domin araha ba ta ado a irin waɗannan wurare. Sauran kuwa a gida za a nema.

Na daɗe ina tunani a kan turbon Holset HX35 na injinan Cummins, wanda ake samu a hannun masu kayan manyan motoci da kuɗi kaɗan, kuma yana da ƙarko. Amma a ɗari biyar zai zama ya kai maƙura, turbo da ke aiki a maƙura kuma iska mai zafi yake turawa, zafi kuwa shi ne abin da nake gudu. Na tsaya a kan BorgWarner S362 SX-E, wanda ke da sauran sarari, kuma shaf ɗinsa a kan baƙin mai yake juyawa, ana iya buɗe shi a sauya kayan ciki a nan gida.

A Ladipo an samu giyabos CD009 mai giya shida ta Nissan 350Z. Atomatik ta asali ba za ta jure ba, manuwal W55 da wasu IS300 suka zo da ita ma ba ta da wannan ƙarfin. Mun zubar da manta a faranti a gaban mai kayan, babu ɓarɓashin ƙarfe, giyoyin duka suna shiga da hannu. Azumi na ƙaratowa, aikin zai lafa.

20 ga Afrilu

Bayan Sallah aka karɓo gangar injin daga wurin mai tana, wato mai injin yankan ƙarfe. An faɗaɗa silindojin zuwa milimita 86.5, kuma a nan aka yi doguwar muhawara. Mai tanar gwani ne, amma ya saba da fistin na asali wanda ake sawa cif-cif, don haka da ya ga tazarar da na rubuta masa tsakanin fistin da bango, kusan milimita 0.09, sai ya ce injin zai yi ƙara kamar ya tsufa tun bai fara aiki ba. Gaskiya ne zai ɗan yi ƙara da safe. Amma fistin na ƙirar maƙera yana kumbura fiye da na zubi idan ya ɗau zafi, idan ba a bar masa wuri ba zai kama bango, injin ya buga. Da ya ga takardar da ta zo cikin kwalin fistin ɗin ya yarda, kuma aikin da ya fitar ya yi daidai a duk silinda shida.

Haka aka yi da zobba. Kowane zobe an tura shi cikin silindarsa da kan fistin don ya zauna daidai, an auna bakinsa da ma'aunin ganye, an goge shi da hannu kaɗan-kaɗan, a mayar a sake aunawa, har na sama ya kai rabin milimita, na biyu ya ɗan fi haka. Yaron garejin da ke riƙe fitila ya gaji da kallo ya tambaya ko ba a sayar da wanda aka riga aka goge. Idan bakin zobe ya haɗe saboda zafi, ba shi da inda zai je sai ya fasa leɓen fistin, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe injinan da aka ɗora wa turbo daga baya.

Ba a haɗa injin a fili ba. An share ɗakin ajiya an yayyafa ruwa a ƙasa, an rufe taga da leda, an wanke kowace hanyar mai da buroshi har farin ƙyalle ya daina fitowa da baƙi. An sa sabon famfon baƙin mai, sabon famfon ruwa da taimin bel. An huda kwanon mai na sama a wurin da za a mayar da man da ya fito daga turbo, tun yana ƙasa, don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Kusar fulen karanshaf tana buƙatar ɗauri sama da Nm 300, sai da aka aro babbar sifanar awo daga garejin tireloli.

25 ga Mayu

Bututun hayaƙin da turbo zai zauna a kai a nan aka ƙera shi, da ƙarfen da ba ya tsatsa mai kauri da waldar agon. Injin yana tashin wuta a jerin 1-5-3-6-2-4, saboda haka an haɗa silinda ta ɗaya zuwa ta uku a hanya guda, ta huɗu zuwa ta shida a wata, kowace ta shiga nata ramin a bakin turbo. Ta haka bugun hayaƙin ba ya karo da juna, turbo yana tashi da wuri, abin da motar cikin gari ta fi buƙata fiye da ƙarfin can sama. Da janareto aka yi waldar daga farko har ƙarshe, domin ɗinkin da wuta ta katse a tsakiyarsa nan yake fara tsagewa.

Bawul ɗin rage matsi an sa masa sifirin mai rabin ba (bar, ma'aunin matsin iska), sauran matsin birenbos ne zai ƙara. Hayaƙinsa an mayar da shi cikin salansa mai inci uku maimakon a bar shi ya fita fili. Samarin da ke leƙowa garejin sun so a bar shi a buɗe don ya riƙa ruri, amma ni da wannan motar zan riƙa fita da asuba a unguwar da ake da tsofaffi da jarirai. An mayar da batir but, an kuma yi wa bututun birki garkuwa, don duk a ɓangaren dama zafin zai taru.

6 ga Yuli

Ruwan da aka tafka a farkon watan nan ya nutsar da hanyoyi da dama a cikin gari, ya kuma yanke mana hukunci biyu. Matatar iska ba za ta sauka ƙasa bayan bamba ba kamar yadda ake gani a motocin Turai. Za ta zauna a sama cikin akwati da ke shan iska daga gefen fitila. Ruwa ba ya matsuwa, kofi ɗaya a silinda ya isa ya lanƙwasa kwanrod komai tsadarsa. Motar kuma ba za a sauke ta ƙasa fiye da kaurin yatsa biyu ba, saboda ramuka da tudun rage gudu.

17 ga Agusta

Injin da giyabos sun shiga. An ɗan bubbuga ramin giya don CD009 ta samu wuri, an ƙera sabon shaf zuwa baya, an sa fedar kuloci.

Waya ce ta fi cin rai. A IS300 allon mita da esi da wasu kayan jiki suna magana da birenbos na asali ta wata hanyar sadarwa ta Toyota, idan aka cire shi gaba ɗaya allurar zafi ta mutu, esi ya daina aiki. Don haka an bar shi yana kula da jiki, aka kawo Haltech, na wani kamfanin Ostareliya, ya karɓi nozul da kwayil da VVT-i da matsin turbo. Su biyun suna karatu daga ƙafar karanshaf ɗaya, mai haƙora 36 da aka cire biyu. Riwayan da ya yi aikin na roƙe shi abu guda, kada a murɗa waya a naɗe da salatif ko sau ɗaya, kowace mahaɗa a matse ta da ƙarfe a rufe da robar zafi, kuma ya cika alkawari.

Motar ta zo ba ta da bututun mayar da mai tanki, an ja mata sabo, an sa famfon Walbro 450 da wayarsa kai tsaye daga batir ta hanyar rile, da nozul masu cc 1000. An juya injin ba fulogi har ma'aunin mai ya tashi, sannan aka mayar da su. Ya tashi, ya yi tari, ya daidaita. Baba ya ɗora dogon sukundireba a jikin injin ya kara kunne, ya bi silinda shida ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Alhamdu lillahi, ba wanda ke ƙorafi a ciki.” Yanzu sai tafiyar horo da baƙin mai na gama-gari, ba tare da an matsa masa ba.

28 ga Satumba

Abin da na yi tsammani tun farko ya bayyana. A buɗaɗɗiyar hanya ruwan injin yana tsayawa a digiri 86. A gosulon titin Ikorodu kuwa, da esi a kunne, danfo a gaba danfo a baya, kwamfuta ta nuna ya haura 104 yana ci gaba, iskar da ke shiga injin kuma ta kai 65, alhali turbo bai yi aikin komai ba. Dalilin a bayyane yake. A gaban motar yanzu akwai intakula mai kauri, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo, bayansa kwandensan esi, bayansa lagireto, kuma idan mota na tsaye fanka ce kaɗai ke jan iska ta cikin ukun, kamar mai numfashi ta cikin bargo uku. Bayan haka turbo da bututunsa suna gasa duk abin da ke ƙarƙashin bonet.

Shawarar da kowa ya kawo ita ce wadda aka saba: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. Ban karɓa ba. Tamostat ɗin wannan injin yana buɗewa ne a digiri 82, a 104 ya riga ya buɗe gaba ɗaya, cire shi ba zai ƙara wa lagireto iska ba. Abin da zai haifar shi ne injin ya daɗe bai ɗau zafi ba da safe, fistin yana kaɗawa cikin tazarar nan da muka bar masa, birenbos kuma yana zuba mai fiye da kima yana wanke bangon silinda.

Matsalar ta iska ce, a can aka nemi magani. An sa lagireto na alminiyam mai kauri, an ƙera wa fankoki murfi da ya rufe bayansa duka don kada su ja iska daga gefe. An toshe duk giɓin da ke tsakanin intakula da kwandensa da lagireto da soso mai jure zafi da farantin alminiyam, an mayar da robar ƙarƙashin injin da aka daɗe da yarwa, wadda mutane ke ɗauka ado ce alhali ita ke hana iska mai zafi zagayowa gaba. An lulluɓe turbo da rigarsa, an naɗe bututun da ke sauka daga gare shi, an sa wa baƙin mai nasa ƙaramin lagireton a gefen bamba. An yanka tagogi biyu a bonet, da faranti a ƙarƙashinsu da ke kai ruwan sama gefe don kada ya zuba kan kwayil. Da aka koma titin nan a irin wannan lokacin, ruwa ya tsaya tsakanin 92 da 95, fanka tana tashi tana hutawa. Damina ce dai, hukuncin gaskiya sai watan Maris.

9 ga Nuwamba

An hau daino, na'urar auna ƙarfin mota a taya. Fetur ɗinmu mafi ƙarancin oktan da ƙa'ida ta tanada masa 91 ne a ma'aunin RON, wato ma'aunin juriyar mai ga matsi, wanda ya yi ƙasa da abin da masu irin wannan injin ke sha a Japan ko Turai, kuma babu E85, man da galibinsa itanol ne, a famfo a ƙasar nan. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 farashi ke hawa, a Nuwamban 2024 lita tana wajen naira dubu, amma tsada ba ta ƙara masa oktan ba. Matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumba, ana kuma ci gaba da shigo da wani daga waje, direba ba ya sanin wanne ya sha. Saboda haka an saita motar a kan mafi raunin man da za ta iya haɗuwa da shi.

Mai saitin ya ɗaura na'urar sauraro a jikin injin ya sa abin ji a kunne, ya riƙa ƙara wuta digiri ɗaya-ɗaya. Idan mai ya kasa jure matsi da zafi, ragowarsa yana fashewa da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso, sai a ji ƙwanƙwasa siririya, kuma ita ce ke cinye fistin. A matsin ba 0.8 aka fara jin alamarta, sai ya ja wuta baya ya bar tazara mai kyau, iska da mai a kan 11.5 bisa 1. Motar ta ba da 372 a taya. Ya cire abin kunnen ya ce, “Alhaji, ƙarfen bai ma san an fara ba, man ne ya ce ya isa.”

Sauran ƙarfin daga feshin ruwa da metanol ya fito, rabi da rabi, ana fesa shi a bututun iska kafin totur. Yana sanyaya iskar, yana kuma hana ƙwanƙwasa. Metanol ana samunsa a kasuwar sinadarai ta Ojota, ruwan kuma tatacce ne irin na batir, tankin yana but. Da feshin a kunne aka hau zuwa ba 1.4, daino ya nuna 508. Lambar da na fi damuwa da ita ba wannan ba ce. Na sa an gwada cire wayar famfon feshin ana tsakiyar ja, birenbos ya ga ruwa ya tsaya, nan take ya sauke matsi zuwa na sifirin ya ja wuta baya. Ba don wannan gwajin ya yi kyau ba da ba a bar taswirar sama, wato saitin birenbos na babban matsi, a cikin motar ba. Yanzu akwai maɓalli mai matsayi biyu a kusa da giya don zaɓar taswira, kuma na ƙasa shi ne na kullum.

14 ga Disamba

An sauya birkin gaba da mai fistin huɗu da manyan faifai, an sa bututun birki masu saƙar ƙarfe da sabon mai, an sa tayoyi masu faɗi a baya. Motar ta je cibiyar duba motoci ta LACVIS, wadda tun 2022 ba a samun takardar ingancin mota a Legas sai an bi ta kanta, ta wuce gwajin birki da fitilu da hayaƙi. Katalis da aka bari a salansa, wanda makanikai ke kira indomi, ya taimaka a nan. Lambar injin ba ta sauya ba tunda gangar asali ce, takardu sun yi daidai da mota.

Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne a awa, wannan motar kuma tana kai wa nan tun tana giya ta biyu zuwa ta uku. Taswirar sama ta daino ce da rufaffen fili, ba ta gadar Third Mainland ba.

18 ga Janairu, 2025

An sauya baƙin mai zuwa na haɗin sinadarai (synthetic), an yanka tsohuwar matatar mai an baje takardarta a rana, babu ƙyallin ƙarfe. Fulogi shida sun fito da launi ɗaya. Da sanyin hunturu na safe matsi yana ɗan zarce inda aka saita shi kafin ya dawo, mai saitin ya gyara wannan a taswira.

Abu biyu suka rage. Kulocin mai faifai biyu yana riƙe ƙarfin, amma a gosulo yana gajiyar da ƙafa kuma yana kamawa farat ɗaya, don haka za a gwada ƙaramin mastan kuloci don fedar ta yi laushi. Tayoyin baya kuma suna tsalle idan aka taka a giya ta biyu, alamar robobin da ke riƙe da difarenshal sun gaji. An yi odar masu tauri, kuma za a nemo difarenshal mai Torsen, mai hana taya ɗaya juyawa a banza, irin wanda wasu IS300 suka zo da shi. Idan zafi ya kankama a watan Maris za a koma titin Ikorodu da ƙarfe biyu na rana, esi a kunne da kwamfuta a kujerar gefe, idan ruwa ya haura 98 za a ƙara girman fankoki da altaneta.